Yadda Injin Motar Baffanka Ya Buga Sau Biyu

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Haliru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka ka sauka Kontagora lafiya, Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya haɗa ka da maigida nagari da abokan aiki masu tsoron Allah. Ni na sa mahaifiyarka ta cusa maka ita cikin jaka, don na san halina, na san naka. In na zaunar da kai, kai ka sunkuyar da kai kana "to, Baba," ni kuma in yi kalma uku in rufe da "Allah Ya kiyaye hanya." A rubuce sai na fi sakewa.

Ba labarin gida zan ba ka ba, jiya ka baro shi. Ba kuma don ina shakkar hannunka na rubuto ba. Na ga aikinka, na yarda da shi, in da ban yarda ba da ban sallame ka ba. Labarin motar Baffanka Atiku nake so in ba ka. Na san ka sha jin sa, don Baffanka ba ya halartar suna ko ɗaurin aure bai ba da shi ba, ana ta dariya. To shi wurin dariyar yake ba ku. Ni wurin aikin zan ba ka, domin kusan duk abin da na sani a kan ƙasan inji a motar nan na koye shi.

Lokacin ban daɗe da dawowa daga Kalgo ba, inda na yi koyon aiki a hannun maigidana Malam Buhari, Allah Ya jiƙansa. Ya yaye ni, na dawo Gwandu na kafa rumfa kusa da tasha, yayarka Hafsatu tana goye. Mahaifinmu ya riga ya rasu. Yaya Atiku, da yake shi ne babba, ya sayar da shanun huɗarmu ya sayi wata tsohuwar tasi doguwa, yana jigila daga Gwandu zuwa Birnin Kebbi da Kalgo, ranar kasuwa ya leƙa har Diggi da Dangoma. Tuwon gidanmu gaba ɗaya a motar nan yake: Inna kakarka, da ƙannenmu mata, da iyalinsa, har da ni, don rumfata ba ta fara riƙe kanta ba.

Wata rana da hantsi ya tsaya a bakin rumfa, ya bar motar a kunne.

"Sahabi, zo ka ji mini motar ga. In ta yi zafi jar wutar mai tana ƙyaftawa, kuma akwai abin da ke ƙwanƙwasawa can ciki."

Direbobi suna zaune a benci suna kallo. Ni kuwa sabon makaniki ne, so nake a ce yaron nan kunnensa kamar na maigidansa. Na ɗaga bonet, na karkata kai, ko minti ban yi ba na ce, "Tafet ne, Yaya." Na gyara tafet, ƙananan ƙarafan nan na saman inji, na juye masa baƙin mai mai kauri. Ƙarar ta kwanta, wutar ta daina ƙyaftawa. Ya dafa kafaɗata a gaban mutane ya tafi, ni ko na koma benci ina jin kaina.

Haliru, mai mai kauri ba magani ba ne, bargo ne aka lulluɓa wa mara lafiya don kar a ji nishinsa. In aka kawo maka inji yana ƙara, kar ka yi saurin sa wa ciwon suna don ana kallonka. Bar shi ya yi zafi sosai. Ɗauki dogon sukudireba, ka dafa bakinsa a jikin inji, ka sa ƙotar a kunnenka, ka bi sama ka bi ƙasa. Ƙarar tafet daga sama take, siririya ce, kamar ana ƙyasta farce a kwano. Ƙarar metal, ɗan ƙarfen nan da ke can cikin inji, daga ƙasa take, mai nauyi, kamar ana buga taɓarya a turmi daga bayan katanga, kuma in ka ba shi wuta ka saki, a nan take fitowa fili. Sannan ka riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya. Wadda ka zare ƙarar ta ragu, a silindar nan ciwon yake. Daga nan ka tsiyaye man a faranti mai tsabta ka fita da shi rana. In ka ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin tagulla, magana ta ƙare, metal ya ci. Duk wannan na san shi a ranar, Malam Buhari ya koya mini. Mutanen benci ne kawai suka fi injin shiga kunnena.

Ba a jima ba motar ta buga a hanyar Diggi, cike da fasinja, ga buhunan albasa a sama. Abu ɗaya Baffanka ya yi daidai: yana jin ƙarar ta tashi ya kashe. Mutanen wurin suka ce masa ga Malam Buhari nan kusa a Kalgo, a ja ta can mana. Ya ce a'a, ƙanensa makaniki ne. Ya nemi mota ta jawo shi da igiya tun daga can har Gwandu. Ka riƙe wannan a ranka, don ka gane nauyin abin da ya biyo baya.

Ban ciro injin ba. Na shiga ƙarƙashi na kwance kaskon mai, na kwance marfin konrod na uku, sai ga metal ɗin ya faɗo a hannuna. Ka san shi, kamar rabin awarwaro, shi ke kwance tsakanin konrod, wato hannun fistan, da kiranshaf, babban sandan da ke juyawa a ƙasan inji, don ƙarfe kar ya ci ƙarfe. Wannan ya cinye har jan tagullar cikinsa ya fito, gefensa ya yi baƙi. Na miƙa hannu na ja farcena a kan kiranshaf, wurin da metal ɗin ke zama. Farcen ya sarƙe. Na sake ja, ya sake sarƙewa. A kwance nake a ƙasa, ina ganin ƙafafun Yaya suna kai da kawowa a gefen mota.

"Yaya ake ciki, Sahabi? Ka san tafiyar Inna ta matso."

A shekarar ne Allah Ya kira Inna Makka. Ta daɗe tana tara kuɗi daga man gyaɗarta da tumakinta. Yaya kuwa ya rantse a motarsa zai kai ta sansanin alhazai a Birnin Kebbi, ba a ta wani ba. In na ce a ciro inji a kai kiranshaf a yanka, motar ba za ta tashi kafin ranar ba. Sai na ce, "Ƙaramin abu ne, Yaya, gobe za ka hau." Na goge wurin da takardar yashi har ya yi sheƙi, na sa sabon metal a wannan konrod kaɗai, na mayar da kasko, na zuba sabon mai. Ta tashi lafiya lau, ba ƙara.

Ka ji ni da kyau a nan. Ido yana ruɗuwa da sheƙi, farce ba ya ruɗuwa. In farcenka ya sarƙe a kiranshaf, ko kiranshaf ɗin uban wa ne, sai ya fito ya je wurin masu yanka. Sabon metal a kan kiranshaf mai zane, ka ba shi abinci ne kawai. Sannan mai mota kullum cikin sauri yake, haka Allah Ya yi shi, kuma yana da gaskiyarsa, abincinsa ne a tsaye. Amma saurinsa nasa ne, kar ka bari ya shiga hannunka. Ka gaya masa abin da aikin ke bukata, in zai yi fushi ya yi a bakin rumfarka, ya fi ya yi shi a daji.

Ranar tafiya muka fito da sassafe. Inna a gaba, sanye da kayan alhazai, ni da goggonninka a baya, unguwa duk ta fito rakiya har bakin titi. Yaya yana tuƙi yana raha. Mun wuce Ambursa kaɗan na ji ƙarar nan. Ni na fara ji, ta tafin ƙafata ma na ji kafin kunne. Na leƙa ta kafaɗarsa, jar wutar ta kama, ba ƙyaftawa ba, ta tsaya cak.

"Yaya, kashe! Kashe ta!"

Ya kashe, muka gangara gefen hanya. Ya fito ya tsaya a gaban motar, bai ko ɗaga bonet ba. Na zo kusa da shi, bai dube ni ba, ya ce, "Sau biyu, Sahabi. Na tsallake Kalgo da igiya na kawo maka." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Inna ta sauko ta shimfiɗa ɗankwali a inuwar dogonyaro ta zauna tana jan carbi. Rana tana ɗagawa, ga tsoron kar a kira sunanta ba ta nan. Motoci suna wucewa a cike. Can Allah Ya kawo wata bas ta 'yan rakiyar wani alhaji na garinmu, suka gane mu, suka matsa mata wuri. Ta sa ƙafa ɗaya a bas ɗin, sai ta juyo ta kira mu.

"Atiku. Sahabi. Ku taho nan." Muka durƙusa. Ta ce, "Ni ban san mi ya lalace cikin ƙarfen ga ba, ba kuma ni son sani. In Allah Ya maido ni, motar ga za ta ɗauke ni zuwa gida, ku biyu kuna ciki. In ko ban dawo ba, ita za ta kai ku karɓar gaisuwa wurin dangina. Kun jiya?"

Muka ce mun ji. Ta shiga, suka tafi, ta kuma sami jirginta.

Daga ranar Yaya ya daina cin abinci da ni. Tun muna yara kwano ɗaya muke ci, sai ga shi ana kai masa nasa ɗaki. In na gaishe shi ya amsa, amma a taƙaice. Ga Babbar Salla ta matso, lokacin da direba ke samun na shekara, motarsa tana jingine a bayan rumfata kaji suna kwana a ƙarƙashi. A tasha kuwa ba mai kawo mini ko facin taya. Na yi tunanin in tattara in tafi wani gari inda ba a san ni ba. Mahaifiyarka ce ta ce, "In ka tafi, wa zai ɗauko Inna?" Washegari na hau mota zuwa Kalgo.

Na sami Malam Buhari a garejinsa yana wanke hannu. Labari ya riga ni isa. Na durƙusa na gaya masa komai, har farcen da ya sarƙe. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya ce, "To, ai ka san abin da ka yi, ba sai na maimaita maka ba. Je ka ciro injin ka kawo nan. Amma kai za ka yi aikin, ni kallo ne nawa."

Wannan ma ka riƙe. Ranar da aiki ya fi ƙarfinka, ka nemi wanda ya fi ka sani tun da wuri, da ƙafarka. Ba a rage wa makaniki daraja don ya yi tambaya. Da na je Kalgo tun ranar da aka jawo motar daga Diggi, da Inna ba ta zauna a gefen titi ba.

Na ciro injin na kai. Muka shimfiɗa buhu mai tsabta a kan tebur, na wargaza shi gaba ɗaya. Kafin in kwance kowane marfin konrod sai na buga masa alama, shi da konrod ɗinsa, a gefe ɗaya, domin kowane marfi da mijinsa, in ka musanya su ko ka juya fuskarsu, ramin ba zai zama da'ira ba. Na jera metal ɗin duka bisa tsari. Sabon da na sa a na uku ya narke ya zagaya a mazauninsa, konrod ɗin ya yi shuɗi don zafi. Malam ya ɗaga shi ya ce wannan ya gama aiki, a nemo wani. Sauran metal ɗin da ban taɓa dubawa ba, duk da zane a jikinsu, layi-layi, kamar an ja su a kan yashi.

Malam ya ce, "Karanta mini."

Na ce, "Sun ci, Malam."

"Na ga sun ci. Mi ya ci su? Metal ba ya tashi haka kawai ya cinye kansa."

A nan ya koya mini abin da nake so ka fi riƙewa a takardar nan. Tsohon metal ba shara ba ne, shaida ne, kar ka jefar sai ka tambaye shi. In ya cinye bai ɗaya, sumul, tsufa ne. In gefe ɗaya ya ci ya bar ɗaya, konrod ya lanƙwashe. In ya yi baƙi ya narke, mai ne bai isa gare shi ba. In ko zane ne layi-layi, datti ne ke yawo a cikin mai. Namu ga zane ga ƙuna. Sai na ɗauko famfon mai na juya rariyarsa, wadda ke tsotso mai daga kasko. Haliru, rariyar nan ta toshe da wata baƙar laka mai tsakuwa-tsakuwa, in ban da wani ɗan gefe ba inda mai ke wucewa. Ranar da nake kwance a ƙarƙashin motar, rariyar nan tana dab da goshina, ban dube ta ba. Na kwance filta, nauyinta kamar dutse, ban jin an taɓa canza ta tun da aka sayi motar.

Na san daga inda lakar ta fito. Yaya ba ya juye mai. In ya ragu sai ya tsaya a bakin hanya ya sayi na kwalba, wanda ba a san asalinsa ba, ya ƙara. Na sha gani, ban taɓa magana ba, don yayana ne.

Malam ya ce, "Sai ka gaya masa."

Na ce, "Malam, da wane baki? Sau biyu ina kunyata shi, yanzu in ce masa shi ma da nasa?"

"Naka ka faɗa, nasa ma ka faɗa. In ka ɓoye masa, ka gyara injin ga da zinariya ma, zai dawo da shi a kan igiya."

Aka kai kiranshaf Birnin Kebbi wurin masu yanka, suka auna, suka yanka shi zuwa awon da suke kira ten, na sayo metal ten daidai da shi. Kar ka taɓa sayen metal kafin mai yanka ya gaya maka inda ya tsaya, kuma in an kawo, ka sa a auna a gabanka. Na aika wa Yaya cewa Malam Buhari yana son ganinsa, don na san in na ce ni ne ba zai zo ba. Ya zo bayan Salla da kwana kaɗan, ya gaida Malam, ya tsaya daga nesa yana kallon injin motarsa a warwatse a kan buhu.

Na ɗauko rariyar da tsofaffin metal a faranti, na je gabansa na durƙusa. Na ce, "Yaya, na farko na ce tafet ne, ba shi ba ne, ban tsaya na saurara ba. Na biyu na ga kiranshaf ya zane, na rufe don ina son ka kai Inna. Waɗannan nawa ne, ka yafe mini. Amma ga abin da ya fara kashe injin." Na kankaro lakar na sa masa a tafin hannu. "Murza ka ji."

Ya murza. Ya ce, "Yashi."

"Man kwalba ne, Yaya, da rashin juyewa. In na haɗa injin ga ka ci gaba da zuba shi, zai sake bugawa, ko wa ya haɗa."

Fuskarsa ta canza. "Wato ni na kashe motata? Ni za ka ɗora wa?"

Ban janye ba. Na ce, "Mu biyu muka kashe ta. Kai ka sa mata ciwon, ni na kasa gano shi."

Ya juya wurin Malam Buhari, yana jiran ya tsawata mini. Malam yana can yana goge sifana, ko ɗagowa bai yi ba. Yaya ya sake duban tafin hannunsa. Can ya ce, a hankali, "Ni ca nike mai duk mai ne." Sai ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a ƙusa, ya ce, "Mi zan wanke?"

Ka ga, ɗana, gaya wa mai mota gaskiya yana cikin gyara, kamar ɗaure noti. Ka faɗa da ladabi, ka fara da naka in kana da shi, ka sa masa shaidar a hannu ya taɓa. Amma ka faɗa, ko da ya girme ka, ko da shi ke ciyar da kai.

Tare muka haɗa injin nan. Shi yana wanki da fetur, ni ina haɗawa. Ramukan mai na cikin kiranshaf na bi su ɗaya-ɗaya da waya da fetur da iska, don garin ƙarfen wurin yanka yana maƙalewa a ciki, in ka bar shi, shi zai fara cin sabon metal. Mazaunin metal na goge shi ƙaƙas, bayan metal ba ya son mai ko ɗigo, fuskarsa ce ake shafa wa mai. Ɗan haƙorin da ke gefensa ya zauna a gurbinsa. Notin konrod ban ɗaure da ƙarfin damtse ba, Malam ya ba ni sifanarsa mai awo, wadda ke yin ƙas in noti ya kai, na ɗaure kaɗan-kaɗan, wannan gefe, wancan gefe. Duk marfin da na ɗaure sai na juya kiranshaf da hannu. In ya juya sumul in wuce gaba. A na biyu ya ɗan cije, na kwance, sai ga wani ɗan zare na tsumma a bayan metal. Zare ɗaya, Haliru. Na cire, na mayar, ya saki. Na sa sabon famfon mai, sabuwar filta, mai na gwangwani a rufe.

Da muka jawo motar daga Gwandu zuwa Kalgo muka mayar da injin cikinta, Yaya ya kai hannu zai tayar. Na riƙe hannunsa. Na cire fulogi duka, na sa ya yi ta murza makulli injin yana juyawa ba wuta, har jar wutar mai ta mutu. Sannan na mayar da fulogi na ce bismilla. Bugu ɗaya ta tashi. Malam Buhari ya taso daga kujerarsa, karo na farko tun da muka fara haɗin, ya ɗora sukudireba a ƙasan inji ya saurara, ya daɗe. Ya miƙe ya miƙa mini sukudireban, ya koma ya zauna. Na san abin da hakan ke nufi a wurinsa: aikin ya yi.

Muka yi kwanaki muna lallaɓa ta tsakanin Kalgo da Dangoma, ba kaya, ba gudu, sannan na juye man na duba shi a rana, tas, na zuba sabo. Sabon haɗi kamar mai jego ne, ba a ɗora masa kaya ranar farko. A kwanakin nan ne, a wata rumfar mai abinci a Kalgo, Yaya ya ce a zuba mana a kwano ɗaya.

Ranar da jirginsu Inna ya sauka muna sansani tun da hantsi. Ta fito ta rame, ta yi baƙi, tana tari irin na alhazai. Ta dube mu, ta dubi motar, ta buɗe gaba ta shiga. Ni ina bayan Yaya, kunnena duk yana ƙasa. Da muka zo daidai dogonyaron nan na Ambursa, na ga Yaya ya rage gudu yana saurare, ni ma na kasa kunne. Muka wuce. Can gaba ya ɗan juyo ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Sahabi, ni ban jin komi."

Na ce, "Haka ake so, Yaya."

Ya nuna mini Inna da haɓa. Ta jingina kai da gilashi, carbi a hannu, tana barci. Ba ta farka ba sai da muka tsaya a ƙofar gida yara suka kewaye motar suna ihu. An yabi aikina sau da yawa bayan wannan, manyan mutane ma sun yaba, amma ban taɓa samun yabon da ya kai barcin nan ba. Motar kuwa ta yi shekaru tana aiki, a cikinta aka kai goggonninka duka ɗakunansu, ba a sake buɗe ƙasan injinta ba har Baffanka ya sayar.

To, Haliru, ka je ka yi aikinka da gaba gaɗi. Za ka yi naka kuskuren, ba makanikin da bai yi ba, amma kar ka maimaita nawa, na riga na yi maka su. Duk injin da aka ajiye a gabanka, ka tuna akwai gidan da ke ci a cikinsa, akwai kuma tsohuwar wani da za ta zauna a gaba. Ka riƙe salla a kan lokaci ko da hannunka cikin mai yake, sabulu bai ƙare ba. Ka girmama maigidanka, ka kama bakinka a kan abin da ba a tambaye ka ba, ka buɗe shi a kan abin da ya shafi lafiyar mota da ran mutane. Ka riƙa kiran mahaifiyarka, ita ba ta iya jira kamar ni.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa albarka a hannunka da kunnenka. Allah Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da wuta da mugun abokin zama, Ya kiyaye duk wanda zai hau motar da ka taɓa, Ya kai shi gida lafiya. Ya dawo mana da kai cikin aminci, mu gan ka da idonmu. Mahaifiyarka da Baffanka da 'yan'uwanka duk suna gaishe ka.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka,
Sahabi Makaniki, Gwandu.